Yadda ake gane ɗanyen lu'ulu'u

Ya kai mai karatu, idan wani ya tare ka a kasuwar Dogon Dutsi ko Tibiri da ɗan dutse mai ƙyalli, ya ce lu'ulu'u ne ya tsinta bisa tudu, to, riƙe kuɗinka. Tuddan Arewa marmara ne da dutsen yashi, kuma ba a haƙar lu'ulu'u a Nijar. Sai irin su Akwatiya a Gana, da Kono a Saliyo, inda aka gano shi a 1930.

Ɗanyen lu'ulu'u ba ya walwali kamar na zobe. Kama yake yi da ƙaron da aka shafa wa mai, galibi da fuska 8, tsini sama da ƙasa. Ƙanƙarar dutse kuwa doguwa ce mai gefe 6, kuma ita ma tana karce gilashi. Saboda haka karce gilashi ba shaida ba ce. Kada ka gwada da guduma: babu dutsen da ke karce lu'ulu'u, amma bugu yana farfasa shi.

Gaskiya ne masu tara duwatsu a Turai suna sayen ɗanyensa don ajiya. Sai dai tun 2003 ba ya ƙetare iyaka bisa doka sai da takardar shaidar Kimbali. Tambayi mai tallan ya nuna maka ita.