YARO DA KWIKWIYO: YAUSHE YA KAMATA A BA SHI?

A ƙasar Gabi kare yana da aiki. Shi ke tsaron gida da dare, shi ke bin garke, shi ke rakiyar mafarauta. Ƙauyukan da ke kusa da dajin Baban Rafi sun fi kowa sanin amfaninsa. Malamai ma sun ce ajiye kare don tsaron gona, ko dabbobi, ko farauta, ba laifi ba ne.

To, amma in karya ta haihu a unguwa, yara ne ke fara zuwa. Sai yaro ya komo gida da kwikwiyo a hammata, yana cewa: "Baba, a bar mini shi." Uwa ta ce a mayar, uba ya rasa ta cewa. Kafin maigida ya ce i ko a'a, akwai abin dubawa.

Shekaru kaɗai ba su isa shaida ba. Amma yaron da bai kai shekara 6 ba, ba a barinsa shi kaɗai da kare, ko karen gida ne. Ƙaramin yaro yakan ja wutsiya, ya sa hannu cikin kasko kare na cin abinci. Ga shi gajere, in kare ya kai cizo sai a fuska ko a wuya. Wanda ya kai shekara 8 ko 10, a gwada shi da aiki tukuna. A ba shi shayar da akuya ko rufe akurkin kaji har wata ɗaya. In ya yi ba tare da an riƙa tuna masa ba, to, ya fara hankali. Wanda ya manta da akuya zai manta da kare.

Babbar tambaya ita ce: in kare ya cije shi ko ya yage shi, zai faɗa? Yara da yawa sukan ɓoye. Suna tsoron duka, ko tsoron a kashe musu kare. Wannan ɓoyon shi ke kisa, saboda ciwon haukan kare. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta ciwon nan yana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Cikin mutum 10, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan duka daga kare suke ɗauka.

Ƙwayar cutar tana cikin miyau. In ta shiga ta rauni sai ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan yi wata 2 ko 3, wani lokaci mako 1 kawai. Rauni ya warke, kowa ya manta. Ran da yaro ya fara zazzaɓi, ya kasa haɗiyar ruwa, yana firgita da ganinsa, an makara. Daga nan da wuya ƙwarai a tsira. Shanu da awaki ma suna kamuwa in mahaukacin kare ko dila ta cije su.

Amma akwai allura, kuma tsohuwa ce. A 1885 wani masani na Faransa, Luwi Paster, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 ita bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. In an yi cizo, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har minti 15. Kada a sa toka, ko barkono, ko ƙasa. A kai yaro gidan likita ran nan, ba gobe ba. In babu allurar a kusa, a wuce Madarunfa ko Maraɗi. Kuɗin mota bai kai ran ɗa ba. Karen kuwa, in ya kamu ba haɗari, a ɗaure shi a duba shi kwana 10, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a ga likita. Uban da ya bugi ɗansa don ya kawo ƙarar cizo, ya koya masa yin shiru ke nan.

Shi ma kwikwiyon a duba asalinsa. Wanda aka tsinta a daji ko a bakin kasuwa ba na yaro ba ne. A karɓa daga gidan da aka san uwar, bayan ya yi wata 2 yana shan nono. In ya cika wata 3 a nemi ma'aikatan kiwo su yi masa allura, su faɗi lokacin maimaitawa, su ba da maganin tsutsa da na kaska. Masana sun ce in an yi wa kare 7 cikin 10 allura a gari, ciwon yakan daina yaɗuwa. Ran 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon a duniya.

Ƴan'uwa makiyaya, ga wani abu: in an yanka tunkiya aka ga hanta ko huhu da ƙulluttai masu ruwa, kada a jefa wa kare, a binne da zurfi. Nan yake ɗaukar tsutsa, ƙwanta ya fita a kashinsa, ya koma hannun yaro. Don haka sai ya wanke hannu kafin ya zauna gaban tuwo.

Sai maganar ci. Kare yana son ragowar tuwo da ruwa kullum, har lokacin bazara da rumbu ya yi ƙasa. Wanda ba a ba abinci shi ke yawon gari, ya yi faɗa da baƙin karnuka, ya kwaso ciwo. Yaro zai kira kare nasa, amma ciyarwa da allura suna kan maigida. In bana ba hali, a ce wa yaro ya dakata sai kaka, a ba shi ƴar kaza ya fara da ita.