Matsayin Jama'a Wajen Jinyar Mashayi a Ƙasar Wurma

Gabatarwa

Hausawa kan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wannan maƙala za ta ɗora wannan karin magana a kan matashin da shaye-shaye ya taɓa wa hankali, musamman a garuruwan karkara irin su Wurma ta Ƙaramar Hukumar Kurfi, kusa da Dutsin-Ma a Jihar Katsina.

Girman Matsalar

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 ne ke tu'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya. A shekarar ce kuma gwamnati ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. A karkara kuwa, ba kullum nishaɗi ke jan yaro ba. Ɗan ƙodago kan haɗiyi tiramol domin ya jure wa wahalar noma, a hankali jiki ya saba, har ya zama ba ya iya ɗaga fartanya sai da ita. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi yankin su ma sun bar wa mutane firgita da rashin barci, waɗanda kan tura wasu ga ƙwaya.

Gidan Mari

Idan abin ya yi ƙamari, iyaye kan nemi rubutu da addu'a, in ya faskara a kai yaro gidan mari. A Oktoban 2019 'yan sanda sun fito da mutum 67 daga wani gida irin wannan a Daura, da yawansu ɗaure da sarƙa. Mari yana raba mashayi da ƙwaya na ɗan lokaci, amma ba ya taɓa dalilin da ya kai shi gare ta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar da haƙƙin majinyaci da mutuncinsa.

Darasi Daga Aro

A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Masu taɓin hankali kan sauka a gidajen mutanen ƙauye, kowa tare da ɗan'uwansa, su je asibiti da rana, su dawo cikin jama'a da yamma. Hikimar ita ce kada jinya ta yanke mutum daga rayuwar da zai koma.

Wurma tana da ginshiƙan irin wannan tsari. Cire ƙwaya daga jiki aikin likita ne, domin barin tiramol farat ɗaya kan jawo tsananin wahala. Abin da ya biyo baya kuwa na jama'a ne: dagaci da masu unguwa su sa ido a kan masu sayarwa, liman ya yi nasiha ba tare da tozartawa ba, maƙeri ko tela ya karɓi yaron a matsayin ɗan koyo, tsaransa su gayyace shi aikin gayya. Idan ya sake zamewa, wannan yana cikin halin cutar, sai a mayar da shi asibiti.

Kammalawa

Muddin aka ci gaba da kiran wanda ya daina da sunan "ɗan ƙwaya" ko "mahaukaci", aka hana shi aure da sana'a, to babu majalisar da za ta karɓe shi sai ta tsofaffin abokan shansa.