Iyakar da ba ta da shinge: gwamnatoci da tsaron intanet

 A shirinmu na wannan mako mun duba wata iyaka wadda ba ta da kwastan, ba ta da shinge, amma kowace gwamnati tana gadinta: layin waya da intanet.

Tsaron intanet shi ne kare kwamfutoci, wayoyi da bayanan da ke cikinsu daga masu kutse. Sai dai gwamnatoci sukan mai da shi makami. A 2010 aka gano wata muguwar manhaja mai suna Stuxnet, wadda ta lalata injinan tace yuraniyom a Natanz, ƙasar Iran, ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Masana da dama sun ɗora alhakin a kan Amurka da Isra'ila, amma babu wadda ta fito ta amsa a hukumance.

A nan yankinmu kuwa, abin da aka fi gani shi ne rufe layi. Chadi ta toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 har Yulin 2019. Nijar ta katse intanet na wayar hannu bayan zaɓen Fabrairun 2021. A Satumban shekarar, Najeriya ta kashe sabis a Zamfara, daga baya a wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna, don 'yan bindiga su rasa hanyar magana da masu kai musu rahoto.

To, wa ya ji a jikinsa? Dillalin da ke tura hoton bijimi ta WhatsApp, ɗan kasuwar da ke jiran kuɗin buhunan wake, da makiyayin da ke buga waya ya ji ko hanyar mashaya lafiya. Gwamnati na auna tsaron ƙasa, kai kuma cinikin ranar kake aunawa.

Don haka, ɗan'uwa, in gemun maƙwabcinka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Rubuta bashi da lambobin abokan ciniki a takarda. Kada ka zuba duk jarinka a waya. In kana ƙetare iyaka, riƙe layin ƙasashen biyu, masu rajista da sunanka. Kuma ku tsai da rana da wurin haɗuwa tun sabis bai ɗauke ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.