Kamun Baki a Gidan Haya: Daga Shirinmu na Masu Bi a Zango

Wannan makon a kan harshe muka tsaya.

Wataƙila ka tuna daren 31 ga Disamba 2018. A wajen addu'ar shiga sabuwar shekara a Akra, Fasto Isaac Owusu Bempah ya yi annabci cewa Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cikin manyan da za su rasu a 2019. Kwana biyu ba a yi cikakku ba sai ga samari ɗauke da makamai sun auka wa majami'arsa, suka farfasa kaya. Ba mu goyon bayan ɓarna, ko kaɗan. Amma dubi wanda ya kashe wutar: shi dattijon da aka ambaci mutuwarsa, shi ya ce wa yaransa su yi haƙuri. A Istan shekarar kuma ya je Majami'ar Christ the King ta Katolika a Akra ya zauna tare da Kirista, yana cika shekara 100. Gaskiya, a wannan karon wani ne ya koya mana darasin da ke cikin littafinmu.

Ai yana ciki. Wasiƙar Yaƙub sura 3 ta kwatanta harshe da linzamin doki, da ɗan abin juya jirgin ruwa, da ƙyastun wuta da ke cinye daji. Bulus kuma, a Galatiyawa sura 5, ya sa kamunkai cikin albarkar Ruhu. Wato ba halin haihuwa ba ne da za ka ce, “Ni haka nake, ba na ɓoye magana.”

To, me ya sa wannan ya fi shafarka, kai mazaunin Zango? Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista sun kai kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana, Musulmi kusan kashi 20. A Zango lissafin ya juya. Mai wa'azin da ya kafa lasifika a Kejetia ko ya miƙe cikin trotro ya zagi addinin wani, in ya gama, gida zai tafi ya kwanta. Wa zai biya bashin? Ke ce, 'yar'uwa, da kike gidan haya ɗaya da Hajiya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kuma a wurinta kike sayen koko da ƙosai kowace safiya. Magana zarar bunu ce.

Kada ka ɗauka kamun baki na nufin ɓoye bangaskiya. Faɗi abin da ka gaskata game da Yesu Almasihu, sarai, in an tambaye ka. Abin da muke cewa ka bari shi ne ba'a, da sunan raini. An kira ka arne, ya yi maka zafi, mun sani. To haka “pepeni” ke yi wa ɗan arewa zafi in ta fito daga bakin mai zuwa sujada. Haka ma cewa duk yaran Zango 'yan tada zaune tsaye ne. Irin wannan daga zuci take tasowa, baki dai ƙofa ce kawai.

Kuma fa waya ma baki ce. Muryar da ka tura a WhatsApp cikin fushi tana iya isa Tamale kafin ka gama alwashinka. A Disamba 2021 sai da 'yan sandan Gana suka gargaɗi masu annabcin da ke jefa tsoro a zukatan jama'a. Abin kunya ne a ce hukuma ce za ta sa mana linzami.

Ga abin gwadawa kafin shiri na gaba. Duk maganar da za ka yi a kan maƙwabcinka, tambayi kanka ko za ka iya maimaita ta yana zaune a tabarmarka. In kuwa ta riga ta fita, kada ka aiki yaro. Je da ƙafarka bayan sallar magariba, lokacin yana gida, ka yi sallama ka ce, “Baba, na yi kuskure, a gafarce ni.”