Sinadaran ƙyalli a shafen tutiya

Sinadaran ƙyalli su ne waɗanda ake ƙarawa kaɗan a cikin ruwan asid da ake shafa wa ƙarfe tutiya da shi ta hanyar wutar lantarki, domin shafen ya fito sumul yana sheƙi. Tutiya tana kare noti da ƙusoshi daga tsatsa, amma idan babu waɗannan sinadarai sai ta kwanta da kaushi, launinta toka-toka.

Yadda suke aiki

Ruwan yakan ƙunshi zinc chloride, potassium chloride da boric acid. Sinadarin ƙyalli, kamar benzylideneacetone, yana mannewa a wuraren da tutiya ke saurin taruwa, ya sa ƙwayoyinta su zama ƙanana. Da yake ba ya narkewa sosai a ruwa, ana haɗa shi da wani sinadari mai kama da sabulu. Idan ya yi yawa, shafen yakan tsage ko ya ɓare. Shi ya sa ake gwada ruwan a ƙaramin akwatin Hull, wanda Richard Hull ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1930.

A Kano

A Kano, inda masana'antu suka taru a Sharaɗa, Challawa da Bompai, zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40. Zafi yana sa ruwan ya gurɓace, ƙyallin ya ragu, don haka dole a riƙa sanyaya shi. Kuma sai an tace dagwalon kafin a zubar, domin tutiya guba ce ga kifi, magudanun waɗannan yankuna kuwa suna kaiwa kogunan Challawa da Jakara.