Tace bidiyo idan lokaci ya ƙure

An ɗauki bidiyon biki ranar Asabar, uwar amarya tana jiransa Litinin da safe. Sabon edita yakan ruga wajen ado, gyaran launi da rubutu mai yawo, kafin ya ankara dare ya raba.

Ƙwararru kan fara kwafe hotunan a wuri biyu. Daga nan su jera labarin daga farko har ƙarshe, ko da bai yi kyau ba, su zubar da maimaici. Sai sauti. Mai kallo yakan haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma idan kiɗa ya danne magana, ba ya tsayawa.

Idan hoton 4K ya yi wa kwamfuta nauyi, manhajojin tace bidiyo irin su DaVinci Resolve da Premiere Pro suna iya yin ƙananan kwafi marasa nauyi, a yi aiki da su, a koma na asali wajen fitarwa. Resolve ma yana da na kyauta.

Ya kamata edita ya san inda za a ɗora bidiyon tun farko: YouTube a kwance, 16:9, TikTok a tsaye, 9:16. Fitarwa na cin lokaci, wuta kuma ba ta da tabbas, don haka gara ya gama da wuri, ya kalli bidiyon gaba ɗaya kafin ya tura.