ZARE MAI MIƘEWA DA KEKEN KALMASA: NASIHA GA TELOLIN ZONGO

A wannan fitowa maganarmu da teloli ce, maza da mata, da yaran da ke koyon aiki a hannunsu.

Kowa ya san ɗinki sana'ar gado ce gare mu. Kakanninmu da suka zo fataucin goro, suka watsu zuwa Kumasi da sauran garuruwa bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da allurarsu suka zo. Amma tufafin yau ba irin na jiya ba ne. Saƙi da shadda da atamfa ba su miƙewa. Yanzu kuwa ga singileti, ga rigunan ƙwallo, ga kayan jarirai, ga hijabin da mata ke so mai bin jiki. Tun da Joseph Shivers na kamfanin DuPont a Amurka ya ƙago zaren sifandes a 1958, yadi mai miƙewa sai ƙaruwa ya ke yi. In ka yi masa kalmasa da keken ƙafa irin na da, ranar da mai riga ya zura kansa, ranar ɗinkin zai tsinke.

Saboda haka waɗansu shaguna suka sayi keken kalmasa, wanda makanikai ke kira kobasitic. Dubi bakin singiletinka: daga waje layi biyu ne a jere, daga ciki kuwa zare ne ya kai ya komo tsakaninsu kamar tsani. To, aikin wannan keke ke nan. Yana da allura biyu ko uku. Ba shi da kwarkwaro ko ƙoshiya, sai wata ƙugiya a ƙasa da a ke kira lufa, ita ke sarƙa zarenta da na allurai.

A cikin lufar nan ne a kan sa zare mai miƙewa, watau zaren nailan ko na foliyesta da aka murje har ya yi laushi kamar auduga. Kada a ɗauke shi ɗaya da zaren roba na tattarar rigunan yara, wancan dabam ne.

Kafin Babbar Sallar da ta wuce, na zauna a shagon wani saurayi da ya karɓi aikin rigunan wasa na wata makaranta. Keke ya ƙi. Bakin riga ya tashi kamar kunyar dankali, ga tsallake nan da can. Ya riga ya ɗauko sukudireba zai kwance lufa, sai ga wani dattijon makaniki ya shigo gaisuwa.

Dattijo ya ce, "Ɗana, ajiye wannan tukuna. Wane zare ka ɗaura jiya?"

Ya ce, "Sabo ne, Baba, mai miƙewa."

Ya ce, "Da ka sake zare, ka taɓa maɗaurinsa?"

Ya ce, "A'a, Baba."

Dattijo ya sassauta maɗauri guda, ya sake allurai, keke ya koma daidai. Da saurayin nan ya kwance lufa, da an yi gyaran gangar Auzinawa, da kuma aikin makaranta ya koma hannun wani. Ga abin da na tsinta a wannan zama, a jere.

1. KUNYA TSAKANIN LAYI BIYU

Wannan shi ya fi yawa. Zare mai miƙewa, idan maɗauri ya matse shi, sai ya shiga ɗinki a miƙe. Da ya fita daga ƙarƙashin ƙafar keke sai ya koma tsawonsa na asali, ya jawo layin nan biyu su matso juna, yadi ya tashi a tsakiya. Maganinsa, a sassauta maɗaurin lufa, a juya shi hagu kaɗan kaɗan, ana gwadawa. Zaren nan yana son sassauci fiye da zaren yau da kullum nesa ba kusa ba. Idan yadin shara-shara ne, a rage faɗin da ke tsakanin allurai, watau a yi aiki da biyu na kusa da juna a keke mai uku.

2. TSALLAKE

Idan allura ta sauka ta fara tashi, zarenta yana yin ɗan kunne a bayanta, shi lufa ke kamawa. In kunnen bai buɗe ba, lufa ta wuce a banza, ɗinki ya yi giɓi. Zare mai miƙewa ba ya buɗe kunne sosai, gama tsukewa ya ke yi. Don haka a bar shi a lufa, a sa wa allurai zaren foliyesta na yau da kullum.

Sa'an nan a duba allura. Yadin singileti saƙa ce ta kunne cikin kunne, yana bukatar allura mai dunƙulen baki wadda ke ratsa tsakanin zaruruwa ba ta yanke su ba. Yawancin manyan kekunan aiki, irin su Pegasus da Yamato, suna cin allura mai lamba UY 128 GAS. Ƙananan na gida da yawa suna cin ELx705. A duba littafin keke, kada a sa ta wani keke don kurum ta shiga. Lamba 70 ko 75 ta isa yadi marar kauri, 80 ko 90 ga mai kauri. A tura ta har ƙurewa, dogon kwarin yana fuskantar mai ɗinki. In za a sake, a sake su duka tare.

Idan tsallaken a mahaɗar ɗinki kaɗai ya ke faruwa, kauri ne ya karkatar da ƙafa. A kwantar da mahaɗar da ɗan bugu, a ninke ƙyalle a sa ƙarƙashin bayan ƙafa, a bi wurin a hankali.

3. TSINKEWA DA SAƁULEWA

A bi zare da ido tun daga sama. Ramin da ya ke bi a kan sandar rataya lalle ya kasance daidai bisa tsakiyar dunƙulen zaren. Zaren nailan yana da santsi, ya kan zube ya naɗe gindin dunƙule, ya fizge. A sa masa raga, ko a yanko ƙafar tsohuwar safa a lulluɓe rabinsa na ƙasa.

Wajen zura zare a ɗaga ƙafar keke, domin faya-fayen maɗauri su buɗe zare ya zauna tsakaninsu. Da hunturu ƙura da gashin yadi kan taru a nan, a ratsa ƙyalle mai tsabta a share. In bakin zaren ya baje ya ƙi shiga ramin lufa, a ƙulla shi da zaren yau da kullum a jawo shi.

Gudu ma yana da laifi. Allura na zafi in an taka keke har ƙarshe, zaren nailan kuwa ba ya jimre zafi. Idan ka ga bakin da ya tsinke ya dunƙule ya yi tauri, narkewa ya yi. A rage gudu. Keken da ke da ɗan kofin man silikon a hanyar zare, kada a bar shi ya bushe. Haka nan wajen guga, dutse mai zafi ƙwarai, balle na gawayi, kada ya hau bayan ɗinki sai da ƙyalle a tsakani.

4. BAKIN RIGA YA YI IGIYAR RUWA

Wannan ba laifin zare ba ne. Keken yana da haƙora kashi biyu, na gaba da na baya, da abin daidaita tafiyarsu. In baki ya tale yana lanƙwasa, a ƙara tafiyar na gaba. In ya yamutse, a rage. A sassauta dannawar ƙafa kaɗan, yaro kuma ya daina jan yadi da hannu.

5. WARWAREWA

Ɗinkin nan sarƙa ne, in aka ja zaren lufa daga ƙarshensa sai ya warware duka. In an zagayo, a hau farkon ɗinki kaɗan, a ɗaga allurai da ƙafa, a jawo zaren allurai gaba a yanke, sa'an nan a ja yadi baya su faɗa ciki, a ƙulle.

YADDA A KE GWAJI

A ɗauki guntun yadin aikin, a ninka shi kamar yadda za a ninka bakin riga. A sa wa kowace allura da lufa zare mai launi dabam, domin a gane mai laifi. Abu ɗaya a ke taɓawa, a ɗinka, a duba, kana a taɓa wani. In an gama a ja ƙyallen da ƙarfi. Idan zaren allura ya tsinke, a sassauta shi, a kuma gajarta taku, gama ɗinki mai yawan taku ya fi miƙewa. Abin da ya dace a rubuta shi a jikin bango saboda gobe.

Sai in an sa sababbin allurai da zaren yau da kullum ko'ina, keke bai bar tsallake ba, ko an ji allura na bugun lufa, ko bakin lufa ya yi kaushi yana cin zare, to, nan ne a ke kiran makaniki.

Iyayen gida, ku zaunar da yaranku ku nuna musu wannan tun aiki bai yi yawa ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai riga bai san lufa ba, sunan tela ya sani. Allah ya sa albarka a sana'a, ya ba mu abin rufin asiri, amin.